Me ya sa ba za a dasa wannan furen a lambu a huta ba?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai wani farin fure a Amurka da ke neman ɓacewa. Me zai hana a kwashi irinsa a shuka a tukwane ko a lambu, kowa ya huta?

Amsa: Malama, ina kyautata zaton kina nufin Platanthera leucophaea, ɗan wani dangin furanni da ake kira okid, wanda ke fitowa a filayen ciyawa masu dausayi a jihohin Ilinoi, Mishigan da Ohayo, har zuwa Ontariyo ta Kanada. Tun 1989 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana.

Tukunya ba za ta riƙe shi ba, domin ba ya rayuwa shi kaɗai. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, ba su ɗauke da abincin da zai raini tsiron. Sai wani naman gwari, wato wata halitta dangin funfuna da ke cikin ƙasar da yake tsirowa a kai, ya shiga ƙwayar ya ciyar da ita kafin ta tsiro. In babu shi, ko kin yi ta ban ruwa, a banza.

Sai kuma maganar barbara. Yana fure ne daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, ƙamshinsa kuma sai dare ya yi yake tashi. Ruwan zaƙinsa na can ƙasan wani dogon siririn bututu, wanda ba kowane ƙwaro ke iya kaiwa ba, sai wani malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki. Yana zuƙa, garin furen ya manne masa, ya kai wa na gaba. Inda ƙwaron ya yi ƙaranci, a Ilinoi masu aikin sa kai ne ke durƙusawa da tsinken sakace, suna ɗaukar garin daga wannan fure zuwa wancan.

Abin da ya fi damuna shi ne filin kansa. An binne bututai an tsotse ruwan dausayin, aka mayar da shi gonakin masara da waken suya. Ɗan abin da ya rage kuma, da aka daina sa masa wuta, sai bishiyoyi suka rufe shi da inuwa. Shi ya sa masu kula da shi suke sare kurmi, suna ƙona ciyawa a kan lokaci, suna kuma hana a janye ruwan wurin.