Ƙarin ƙwaƙwalwa ya dawo bayan tiyata: shin gashi da haske zai wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara huɗu ke nan da aka yi wa mahaifiyata tiyata aka cire mata ƙari a kai, wanda aka ce mana meninjiyoma ne. Yanzu hoton MRI ya nuna ya sake tsirowa, faɗinsa santimita 2, kuma likitanta ya ce maimakon a sake buɗe kai za a iya gasa shi da haske a zama ɗaya. Mene ne wannan gashi, kuma zai kawar da ƙarin gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Meninjiyoma daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, kuma yakan manne wa babbar jijiyar jini ko gindin ƙoƙon kai, inda likitan tiyata kan gwammace ya bar ɗan guntu da ya jawo wa majiyyaci shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa wannan guntun ne ke sake girma bayan shekaru, don haka dawowarsa ba ta nuna an yi sakaci.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, Lars Leksell, shi ya fito da dabarar wannan gashi a 1951, aka kuma fara aiki da na'urarsa, Gamma Knife, a Stockholm a 1968. Duk da sunanta na Turanci mai nufin wuƙa, ba ta yanka komai. Sababbin samfuranta suna harba siraran zaren hasken radiyeshon har 192 daga kusurwoyi dabam-dabam. Kowane zare ba shi da ƙarfin da zai yi wa lafiyayyen nama illa sosai, amma inda suka haɗu a kan ƙarin sai ƙarfinsu ya taru, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Wata na'ura mai suna CyberKnife da wasu injinan gashin ciwon daji na zamani suna yin aiki irin wannan. A ranar aikin ana ɗaura wa kai wani ƙarfe da kusoshi huɗu bayan allurar kashe zafi, ko a rufe fuska da abin da aka ƙera daidai da ita, don kada kan ya motsa ko kaɗan. Hasken ba ya zafi, kuma yawanci ana komawa gida a ranar.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, gashin ba ya ɗebe ƙarin. Yana lalata ƙwayoyinsa ne su daina hayayyafa, saboda haka za ku ci gaba da ganinsa a hoto, ko ya tsaya cik ko ya riƙa motsewa a hankali cikin shekaru, kuma dukkan biyun nasara ce. Ana kasa meninjiyoma mataki uku bisa tsananinsa; a mai mataki na 1, wato mafi sauƙi, kusan tara cikin goma sukan tsaya haka shekaru masu yawa. Mataki na 2 da na 3 sun fi taurin kai, har akan zaɓi gashi na kullum na kimanin mako shida. Shi ya sa takardar gwajin naman da aka cire a tiyatar farko take da muhimmanci ƙwarai, domin ita ce ke nuna matakin ƙarin. Ku nemo ta kafin a yanke shawara.

Santimita 2 yana cikin iyaka, domin an fi yin zama ɗaya ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Sai dai wurin da yake ma abin dubawa ne: idan ya kusanci jijiyar gani, akan raba gashin zama uku zuwa biyar don a kare ido. Idan kuma yana danne ƙwaƙwalwa har hannu ko ƙafa sun fara rauni, ni tiyata zan fi karkata gare ta, tunda haske ba ya sauke wannan matsi da sauri.

Illar da aka fi gani ita ce kumburi a kewayen wurin bayan wasu watanni, mai zuwa da ciwon kai, amai ko farfaɗiya, kuma akan shawo kansa da maganin deksametason. Idan an taɓa yi wa Mama gashi a kai, lallai ku sanar da likita, domin hakan yana ƙara haɗarin mutuwar nama a wurin. Bayan aikin za a riƙa maimaita MRI, da farko bayan wata shida ko makamancin haka, daga nan kuma shekara-shekara.