Tambaya da Amsa: Me ya hana kwamfuta warware hasashen Goldbach?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare. Na ji cewa akwai wata matsala da ta gagari masana fiye da shekara 280, alhali ɗan firamare zai iya fahimtarta, kuma an ce kwamfuta ta gwada ta a kan lambobi masu ɗimbin yawa ba ta ga inda ta karye ba. To me ya hana a ce an gama da ita? Ɗalibaina sun tambaye ni, na rasa amsar da za ta gamsar da su.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake nufi shi ne hasashen Goldbach, wanda ya samo asali daga wasiƙun da Christian Goldbach da Leonhard Euler suka yi musaya a shekarar 1742. Hasashen ya ce duk lambar da take cika, wato wadda ake raba ta biyu ba saura, matuƙar ta wuce 2, ana iya samar da ita ta hanyar haɗa lambobin firam guda biyu, waɗanda su ne lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. Dubi 10, wadda take 3 da 7 ce, ko 28 da take 5 da 23, ko 100 da take 47 da 53. Euler kansa ya amsa cewa ya gaskata maganar, amma ya kasa kafa mata hujja.

Gaskiya ne an gwada. Tomás Oliveira e Silva na ƙasar Fotugal da abokan aikinsa sun bi kowace cika har zuwa 4 mai sifili 18 a bayanta, ba su sami ko ɗaya da ta saɓa ba. Sai dai lambobi ba su da iyaka, don haka komai nisan da kwamfuta ta kai, abin da ya rage a gabanta bai ragu ba ko kaɗan.

Ina ba ka shawara ka nuna wa ɗalibanka wannan a kan allo, domin ya fi dogon bayani tasiri. Su ɗauki lamba, su ninka ta da kanta, su ƙara mata ita lambar, sannan su ƙara 41. Sifili zai ba su 41, 1 zai ba su 43, 2 zai ba su 47, 3 kuma 53, dukkansu firam. Haka za su yi ta tafiya har zuwa 39, wadda ke ba da 1601, ita ma firam ce. Yaron da ya gwada sau arba'in bai ga kuskure ba zai rantse cewa ya gano doka. Da ya sa 40 sai ya sami 1681, wato 41 sau 41, dokar ta rushe nan take.

A ganina, tushen wahalar shi ne cewa ana gane firam ta hanyar ninkawa da rabawa, shi kuwa hasashen maganar tarawa yake yi, kuma har yau ba a sami dabarar da ta ɗaure waɗannan ɓangarori biyu sosai ba.

Duk da haka masana ba su zauna ba. A 1973 Chen Jingrun na ƙasar Sin ya wallafa hujjar cewa kowace cika mai girma sosai jimla ce ta firam ɗaya da wata lamba wadda ko dai firam ce ko kuma firam biyu da aka ninka. A 2013 Harald Helfgott, ɗan ƙasar Peru, ya gabatar da hujjar cewa duk lambar da take mara kuma ta wuce 5 jimlar firam uku ce. Da a ce an tabbatar da maganar cika, da ta mara ta zo a sauƙaƙe, tunda cire 3 daga mara yana barin cika, amma daga hujjar Helfgott babu hanyar komawa zuwa ga ta cika, kuma a nan aka tsaya har yanzu.