Injin wankin kafet zai taso daga Beljiyam a tsakiyar sanyi: zubar da ruwan tanki ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai wankin kafet ne a Garwa ta Kamaru, masallatai da otal da gidajen biki nake yi wa aiki da ɗan ƙaramin inji da ake turawa da hannu. Ƙanena da ke Burusel ya samo min bas ta hannu mai injin wanki girke a cikinta, kuma duk abin da na tara na zuba a kanta. A watan Janairu za a loda ta a jirgin ruwa zuwa Duwala. Wani ya ce min sanyin can yana fasa irin wannan inji, tun ranar barci ya ƙaurace wa idona. Ƙanen nawa ya ce in kwantar da hankali, zai zubar da ruwan tanki kafin ya kai ta tashar jirgi. Hakan ya isa? In kuma ta iso, hunturunmu na nan zai yi mata illa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa a karɓe ta lafiya, ya sanya albarka a cikin nema. Bari in fara da mai sauƙin. Hunturun Garwa ba ya daskarar da ruwa. Sai ma'auni ya sauka zuwa sifili ruwa ke zama ƙanƙara, mu kuwa ɗarin da ke sa mu lulluɓa da bargo a watan Janairu yana can sama da digiri 10. Ko Ngaundere, da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000, ba a kwana da fargabar fashewar famfo. In ana neman inda ruwa ke ƙanƙara a wannan yanki sai a nufi manyan duwatsu irin na Tibesti a arewacin Chadi, kai kuwa ba can za ka kai wanki ba. Wannan ka cire shi daga ranka.

Wanda ya tsorata ka dai gaskiya ya faɗa maka, kuma ƙanenka, da kyakkyawar niyyarsa, yana dab da jawo maka asara. A Janairu dare yakan sauka ƙasa da sifili a Beljiyam, kuma motar da aka kai tashar Antwap ba ranar take shiga jirgi ba. Sai ta yi kwanaki a fili, bakin ruwa, iska na kaɗa ta, babu mai tayar da ita. Dare ɗaya mai tsanani ya ishe ta.

Wannan magana ta "ai an zubar da ruwan" ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an shigo min gareji da ita. Yau injin wankin mota, gobe na feshi, duk 'yan Beljiyam, an sauke su fes kamar sababbi, ana kunnawa ruwa na tsiyaya ta ƙasa. In ka tambayi mai shi sai ya rantse maka wanda ya aiko ya zubar da ruwa tas. Ya zubar, ban ƙaryata shi ba. Na tanki ya zubar. Tanki kuwa shi ne wurin da ya fi ko'ina tsira, saboda yana da faɗi, akwai sarari a samansa, in ƙanƙara ta kumbura tana da inda za ta nufa. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Wannan ƙarin ba ya neman izinin ƙarfe. In ya sami kansa a kulle cikin ɗan rami da babu mafita, sai ya buɗa wa kansa.

To ina ramukan suke? Kan famfon matsi, wannan gundumemen tagulla mai fistin uku, cike yake da ƙananan ɗakuna da bawul ke rufe su gaba da baya, ruwan cikinsu ba ya fita don an buɗe tanki. Akwai tukunyar zafi, inda siraran bututu suka nannaɗe suna karɓar zafin hayaƙin inji, ruwa na kwance a kowace lanƙwasa. Akwai bawul mai daidaita matsi, da agogon matsi, da ɗan famfon da ke jan sabulu, da ɗan akwatin ruwan da ke ciyar da famfo, da tiyon matsi mai tsawon mita gommai a naɗe, da kunamar sandar feshi. Duk ruwan da ke cikin waɗannan in ka tara shi ba zai cika babban bokiti ba, amma a nan kuɗinka yake.

Sai wani ya ce to a busa iska da kwamfiresa. Busawa tana rage ruwan, ba ta ƙarar da shi. Iska takan huda hanya ta tsakiyar bututu ta wuce abinta, ɗigon da ya manne a jiki kuma ya gangaro ya taru a ƙasan lanƙwasa bayan an kashe. Cokali ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya tsaga bututun tukunya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsagar ba ta nuna kanta. Na taɓa kwance wani kan famfo na ɗora a benci, mai shi na tsaye yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sai da na goge shi da fetur na karkata shi ga hasken rana, sannan muka ga wani layi siriri kamar gashin kai tsakanin ramin bawul na biyu da na uku. Da ruwan sanyi ɗan gumi kawai yake yi. Injin kafet kuwa yana aiki da matsi wajen bar 30 (bar ma'aunin matsi ne), ruwan kuma a manyan injina yakan kai digiri 100 har ya haura. A nan tsagar ke buɗe baki. Daga nan sai a ruga wurin mai walda na bakin titi, ya ɗiga dalma ko ya shafa gam, ya ce ya yi maganinta har abada. Malam, tukunyar da ke riƙe tafasasshen ruwa a matse ba a yi mata faci irin na bokiti. Ranar da facin ya saki, yaron da ke durƙushe kusa da injin shi zai sha a fuska. In ta tsage a sauya ta, in babu hali a jira hali.

Haka masu ba da shawara a WhatsApp. Wannan ya ce a zuba gishiri, wancan ya ce kananzir. Ruwan gishiri cin ƙarfe yake yi, kafin jirgi ya iso Duwala ya fara cin cikin tukunyar. Kananzir yana lalata robobin famfo, ga shi ka zuba mai kama wuta a bututun da ke manne da salansa. Wanda bai taɓa kwance famfo ba ya daina koya wa mutane yadda ake ajiye shi.

Abin da za ka gaya wa ƙanenka shi ne a cika injin da maganin hana daskarewa, yadda babu ramin da ruwa zalla zai saura a ciki. Ya nemi irin wanda ake zuba wa bututun ruwan sha na motocin yawon shaƙatawa da ƙananan jiragen ruwa, a shagunan kayansu ake samu. Ya karanta jikin jarkar da idonsa, ya ga an rubuta furofilin gilaikol. Kada ya bi launi. Mutane sun ɗauka duk ruwan hoda shi ne marar guba, alhali akwai ruwan lagireto na mota mai launin hoda da aka yi da etilin gilaikol, wanda guba ne. Littafin injin ya faɗi yawan litar da yake ci, ya duba.

Aikin kansa bai kai awa guda ba. Ya cire tiyon da ke kawo ruwa, ya zubar da na tanki da na ɗan akwatin, ya zuba maganin a akwatin. Ya kashe ɓangaren zafi, ya sassauta matsi, ya tayar da inji a hankali, yana lura kada akwatin ya ƙafe, don famfon nan ba ya son juyawa a bushe. Ya jona tiyon matsi duka da sandar feshi, ya danna kunama cikin bokiti har sai ruwan da ke fita ya koma launin maganin sosai, ba dishi-dishi ba. Ya tsoma tiyon sabulu a jarkar maganin ya buɗe shi shi ma ya ja, wannan shi aka fi mantawa. Tankin ruwan datti a juye shi a wanke, a bar murfinsa a ɗage, in ba haka ba bayan makonni a teku da zaman jiran takardun fito cikin zafin Duwala, warin da zai tarbe ka sai ka yi zaton akuya ce ta mutu a ciki. Jarkokin sabulu ya fitar da su. Lagireton motar, da na injin wankin in mai lagireto ne, a auna ruwansu a gareji. Haɗin rabi ruwa rabi maganin lagireto yana jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, ya wuce abin da Antwap za ta kawo.

Kafin duk wannan, tunda motar ta hannu ce kuma ta riga ta ga sanyin wasu shekaru, ya dubi agogon matsi injin na kashe. In allurar ba ta kwanta kan sifili ba, akwai alamar ƙanƙara ta taɓa shiga. Ya leƙa ɗan gilashin man famfo: in man ya yi fari kamar kindirmo, ruwa na shiga cikinsa. Ya sa mai sayarwa ya tayar da injin har ya yi zafi, ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya ga ko zai jiƙe. In kuma ya wayi gari ya tarar injin ya riga ya daskare, kada ya kuskura ya tayar, kada ya kusanto shi da wuta. Ya shigar da motar wuri mai ɗumi ta narke da kanta. Kunna inji ko gawayi a rufaffen gareji don ɗumama mota kuwa, hayaƙin da ba ya wari shi ke kashe mutum yana zaune.

Saura naka aikin in ta iso Garwa. Na san halinmu, mota na isowa ga azumi ya matso, kwamitocin masallatai na ta kira, sai a ce a fara gobe. Kada ka ɗora sandar nan kan kafet ɗin kowa sai ka wanke cikin injin da ruwa mai tsabta, ka yi ta zagaya shi har launi da santsi su ɓace, ka ƙara. Ko da ƙanenka ya ce marar guba ya zuba, yi kamar ba ka ji ba, don ba ka san abin da mai motar na farko ya bari a tiyo ba. Etilin gilaikol zaƙi gare shi, kuma ƙoda yake lalatawa. Kafet ɗin masallaci goshin bayin Allah ke sauka a kai sau biyar a rana, na gida kuma jariri ke rarrafe a kansa yana kai hannu baki. Mutane sun ba ka shimfiɗarsu ne don sun yarda da kai, ba su san me ke cikin tiyonka ba, kai ka sani, kuma za a tambaye ka. Ruwan farko da ya fito ka tare shi a jarka mai murfi, ka rubuta guba a jiki, ka ajiye inda yaro ba ya kaiwa. Kada ka malalar da shi a kwata ko a tsakar gida inda awaki da kaji ke sha, kada kuma ya gangara kogin Binuwai.

Na lagireto kuma ka bar shi inda yake. Akwai masu zubar da shi da zarar mota ta iso su ɗura ruwan rijiya, wai ai nan babu ƙanƙara. Wannan ruwan yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa, kuma a watan Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40 kana aiki da inji biyu a cikin bas ɗaya, za ka buƙace shi fiye da mutumin Burusel. In motar ta iso ka turo min hoton agogon matsi da na gilashin man famfo kafin ka tayar.