Warin sabuwar katifar memori fom: guba ce, ko zai wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi katifa da filo biyu na irin soson nan da ake kira memori fom saboda ciwon bayan da uwargidana take fama da shi. A nannaɗe katifar ta zo cikin kwali, kuma tun ranar da muka yanke ledar ɗakin ya ɗauki wani wari mai kama da na sabon fenti ko gam. Yanzu uwargida tana tashi da ciwon kai da ƙaiƙayin ido, ɗanmu mai asma kuma tarinsa yana ƙaruwa idan ya shiga ɗakin. Muna da jaririya 'yar wata huɗu. Mun yi ta turare amma warin bai tafi ba. Mu mayar da katifar ko mu jira? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba uwargida da yaron lafiya. Warin da kuke ji sanannen abu ne ga wannan nau'in soso, kuma a mafi yawan lokuta yakan ragu sosai cikin 'yan kwanaki idan katifar ta sami iska, sai dai ɗan burbushinsa da kan iya kai makonni. Amma tunda jikin mutum biyu a gidanka ya riga ya nuna bai yarda da shi ba, ban ga dalilin da za ku ci gaba da kwana a kanta kuna jiran ya wuce ba. Katifar ce ya kamata ta bar ɗakin har sai ta huce.

Shi wannan soso an fara ƙirƙiro shi a Amurka a 1966, a wani aiki na hukumar binciken sararin samaniya ta NASA domin kujerun jiragen sama, kuma sai a 1991 wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fitar da katifarsa kasuwa. Asalinsa roba ce mai suna poliyuretan, wadda ake samu idan an haɗa sinadarai biyu masu ruwa-ruwa da aka tato galibi daga man fetur. Ana zuba ɗan ruwa a cikin haɗin, sai iskar kabon ta taso ta kumbura shi kamar yadda ƙullin burodi yake tashi, ya bushe da miliyoyin ƙananan ramuka a cikinsa. Domin haɗin ya kama da wuri, ana ƙara wasu sinadaran gaggautawa, kuma daga cikinsu akwai dangin wani sinadari da ake kira amin masu ɗan ƙarni irin na kifi. Bayan haka akwai gam da ake manna falle-fallen soson da shi, da rinin yadin da aka lulluɓe katifar. Ragowar waɗannan duka ba sa ƙarewa a masana'anta. Suna maƙalewa a ramukan soson suna tashi a hankali a matsayin iska. Katifar da aka matse aka zuƙe iskarta aka naɗe cikin leda, kamar taku, takan shafe makonni ko watanni a sito da cikin kwantena ba tare da ta sami hanyar fitar da komai ba, saboda haka ranar da aka yanke ledar abin da ya taru yake fitowa gaba ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai zama a Kano shi ne zafi yana ƙara saurin fitar waɗannan sinadarai. A 2019 masu bincike a jami'ar Technion ta Isra'ila sun gwada katifu takwas na poliyuretan a yanayi irin na mai barci, suka ga ɗumin jiki shi ne babban abin da ke ƙara yawan iskar da soson yake saki. Sun sami adadin bai kai matakin haɗari ga manya ba, amma ga jarirai da ƙananan yara, waɗanda ke daɗewa a kwance kuma hancinsu na dab da katifa, wasu sinadaran irin su fomaldihaid da benzin suna iya kusantar matakin da ya kamata a kula. To idan ɗumin jiki kaɗai yana yin haka, sai ka auna ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, an rufe tagogi saboda sauro ko ƙura, wuta kuma ta ɗauke fanka ta tsaya. Ko na'urar sanyaya ɗaki ba ta magance matsalar, domin irin wadda ake maƙalawa a bango iskar cikin ɗakin take juyawa, ba ta shigo da sabuwa.

Ciwon kai, ƙaiƙayin ido, kaushin maƙogwaro, atishawa da ɗan tashin zuciya su ne alamun da aka saba gani, kuma sukan lafa da zarar mutum ya fita ya sha iska. Mai asma shi ne abin ya fi taɓawa, saboda hanyoyin numfashinsa suna tsukewa da wari mai ƙarfi ko da adadin sinadarin bai kai ya cutar da lafiyayye ba. Akwai wani sinadari da ake kira TDI cikin kayan haɗin soso wanda an tabbatar yana jawo asma ga ma'aikatan masana'anta, kuma mutane kan firgita idan suka karanta haka, amma a soson da ya gama bushewa sinadarin ya riga ya rikiɗe ya zama jikin robar, don haka halin mai kwana a kan katifa ba ɗaya ba ne da na mai tsayawa a bakin injin. Wannan ba ya nufin ba a taɓa samun kuskure ba. A 2017 kamfanin BASF na Jamus ya sanar cewa wani kaso na TDI da ya sayar ya gurɓata da sinadarin dikulorobenzin, abin da ya sa masu yin katifa a Turai suka dakatar da aiki, wasu kuma suka janye kayansu daga shaguna. Saboda irin wannan ne nake ganin warin da ya ƙi raguwa bayan an ba shi iska isasshiya ba abin haƙuri ba ne.

Ga abin da zan ba ka shawara. A cire ledar gaba ɗaya, a fitar da katifar da filon zuwa baranda, rumfa ko wani ɗakin da ba a kwana a ciki, a jingine ta a tsaye domin iska ta ratsa fuskokinta biyu, a kunna mata fanka idan akwai wuta. Masu ƙera katifa kan ce kwana ɗaya zuwa uku, amma a gidan da akwai mai asma da jaririya gara a ba ta mako guda ko biyu. Kada a shanya ta a tsakiyar rana yadda muka saba yi wa katifar auduga, domin hasken rana kai tsaye yana sa wannan soso ya yi rawaya ya fara marmashewa, kuma kada a wanke ta ko a yayyafa mata ruwa, saboda tana shan ruwa ta ƙi bushewa har ta yi fumfuna. Idan lokacin ƙura ne, a yafa mata zani mara nauyi. Filon ya fi buƙatar wannan kulawa, tunda a kansa hanci yake kwana. Al'adar barin leda a jikin katifa shekara da shekaru don kada ta yi datti kuwa tana tsawaita warin ne kawai, domin iskar za ta riƙa sulalowa ta inda ledar ta yage. Idan fitsarin yara ake gudu, akwai rigar katifa mai hana ruwa wadda ake cirewa a wanke, sai a sa ta bayan soson ya huce.

Turaren kuma a dakata da shi. Turaren wuta da na fesawa suna danne wari ne ba sa cire shi, hayaƙinsu kuma ƙarin nauyi ne a kan ƙirjin yaron, haka ma maganin sauro na kunnawa. Ina yawan tuna wa iyaye wannan game da ɗakin amarya, inda sabon fenti, sabuwar ledar ƙasa, sabbin kujeru da gado da kabad na katakon da aka matse da gam suke haɗuwa rana ɗaya a rufe ƙofa a turare. Irin wannan katako yana sakin fomaldihaid na tsawon watanni, kuma sau da yawa shi ne mai laifin da ake ɗora wa katifa. Idan kun sayi wani sabon kaya tare da ita, ku sa shi cikin lissafi.

Hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce: idan aka fitar da katifar aka buɗe tagogi, ciwon kan uwargida da tarin yaron su ragu cikin kwana biyu ko uku. Idan ba su ragu ba, a nemi dalilin a wani wuri, kuma abu na farko da za a duba shi ne janareta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko kaɗan, tana sa mutane su tashi da ciwon kai, jiri da kasala, tana kuma kashewa. Kada a bar shi kusa da taga ko a cikin soro. Yaron kuma maganin shaƙarsa ya kasance a kusa, kuma idan numfashinsa ya fara fito, ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa magana sai da tsayawa, a kai shi asibiti nan take ba tare da jiran safiya ba.

Jaririyar kada a kwantar da ita a kan wannan katifa ko filon, ko da warin ya tafi. Dalilin ya wuce sinadari: soson yana lotsawa ya ɗauki siffar fuska, kuma jaririn da ya kife a kansa ba ya iya ɗaga kai ya sami iska. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a kwantar da jariri a rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri kuma a miƙe, ba filo.

Akwai ƙaiƙayin da ba daga wari yake zuwa ba. Tun 2007 dokar Amurka ta tilasta wa katifu jure wuta, kuma wasu masu araha da ake yi domin wannan kasuwa suna da wata riga ta zaren gilashi a ƙarƙashin yadin waje. Idan aka zuge zif aka cire yadin don wanki, zaren yakan watsu a ɗaki ya shiga tufafi, ya jawo ƙaiƙayi, ƙuraje da tari, kuma fitar da shi aiki ne babba. Ka duba takardar da ke ɗinke a gefen katifar; idan ta ambaci zaren gilashi ko ta hana cire rigar, a bar zif ɗin yadda yake.

A wannan takardar kuma za ka ga ko soson yana da shaidar gwaji irin CertiPUR-US, wadda ta ƙayyade sinadaran da soso zai saki su gaza rabin kaso cikin miliyan, ko OEKO-TEX, ko tambarin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON idan a Najeriya aka yi shi. Shaidar ba ta hana wari a kwanakin farko, kuma ana iya buga ta ta jabu, amma katifar da ba sunan kamfani ba adireshi ta fi ba ni shakka. Ka ajiye rasit ɗinka, ka sanar da mai shagon tun yanzu cewa kana shanya ta. Idan bayan mako uku zuwa huɗu a iska har yanzu warin yana bugun hanci daga bakin ƙofa, ko alamun suka dawo daren da aka mayar da ita ɗaki, ka mayar masa ka nemi canji, uwargida kuma ta ga likita a kan ciwon bayan kafin a sake zaɓar wata katifar.