Ɗarikarmu ta rabu biyu, yaya zan riƙe bangaskiyata?

Ɗan'uwa, ka ce tun da Babban Taron ɗarikar United Methodist na 2024 a Amurka ya cire haramcin auren jinsi, ikilisiyarku a Taraba ta dare gida biyu, har sujada ta fita maka a rai.

Fara da karanta shawarar taron da kundin tsarin ɗarikar da idonka. Wani lokaci wutar daga saƙonnin WhatsApp take tashi, inda ake yanko rabin magana. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka tura.

In wani ya ɓata maka rai, bi Matiyu 18:15-17: ku biyu tukuna, sannan da shaida ɗaya ko biyu, daga baya ikilisiya. Mutane kan tsallake matakin farko, shi ya sa ƙaramin saɓani ke zama gaba tsakanin dangi.

Rikicin ginin majami'a da filaye kuwa, bar wa dattawa da takardu. Kada ka bi matasa zuwa kulle ƙofa, nan ake zubar da jini.

Ka riƙe addu'ar safe da Zabura ɗaya kullum. Waɗanda suka koma ɗaya ɓangaren, ci gaba da zuwa musu gaisuwar rasuwa da suna.