Direban kamfani ya zage ni a layin mai: in kai ƙararsa wurin aikinsa?

Assalamu alaikum Barista. Ni malamar makaranta ce a Kano. Ranar Talatar da ta wuce da yamma ina layin shan mai, ƙanina yana zaune a gefena, sai wani mai motar raba kaya ya kutso gabana. Na sauke gilashi na ce, "Malam, ai layi muke bi." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sai ya fito ya hau zagina ta uwa ta uba, ya yi mini daƙuwa, ya daki gaban motata da hannu, ya kira ni karuwa a gaban jama'a. Akwai sunan kamfani a jikin motar, rigar kamfanin ce kuma a jikinsa. Ƙanina ya ɗauki bidiyo, ya ce mu sa a TikTok. Maigidana ya ce in bar shi da Allah. Ni kuma so nake in kai ƙararsa wurin aikinsa. Doka ta ba ni dama? Idan aka kore shi, zai iya juyowa ya yi ƙarata?

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ba ki haƙuri. Abin da aka yi miki cin mutunci ne, kuma ba ki yi laifin komai ba don kin ce a bi layi.

Doka ta ba ki damar kai ƙorafi kamfaninsu, kuma a wannan lamarin naki ina ganin ya dace ki kai. Sai dai hanyar da za ki bi ita ce za ta raba ki da matsala ko ta jawo miki ita. Bidiyon kuwa, ki ce wa ƙaninki ya adana shi, kada ya sake shi.

Abin da nake fara tambayar duk wanda ya zo mini da irin wannan magana shi ne: mene ne ya haɗa abin da mutumin ya yi da aikinsa? A wurinki mahaɗin a fili yake. Motar kamfani yake tuƙawa, rigarsu ce a jikinsa, ranar aiki ce, kuma ga alama man da yake neman sha na aikin ne. Duk wanda ya tsaya kallo a gidan man nan sunan kamfanin ya karanta, ba sunan direban ba. Kamfani yana da haƙƙin sanin yadda wanda ya damƙa wa motarsa yake mu'amala da mutane a kan titi, domin a doka mai aiki yana iya ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi. Da ya lotsa miki mota, kamfanin ma yana iya shiga cikin waɗanda za ki nema su biya.

Da a ce ranar Lahadi ce, yana cikin motarsa da kaftaninsa, sai daga baya kuka bi diddigi a Facebook kuka gano inda yake aiki, da shawarata ta bambanta. A nan babu ruwan mai aikinsa da rigimar, kuma kai masa ƙara ya fi kama da neman raba mutum da abincinsa don huce haushi. Akan samu togaciya idan aikin mutum ya ɗora shi a kan raunana ko a kan amanar jama'a, kamar malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan sanda ko lauya. Dokokin aikin gwamnati ma sun lissafa ashar, maye da wulaƙanta jama'a a cikin rashin ɗa'ar da ake ba ma'aikaci takardar tuhuma a kai.

Yanzu ga tsoronki, wato ya yi ƙararki. Ɓata suna a Arewa hanya biyu gare shi. Akwai na laifi, wanda sashe na 391 na kundin Final Kod (dokar hukunta laifuka ta Arewa) ya fayyace, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Akwai kuma na neman diyya a babbar kotu. Dukkansu sun bar miki ƙofa. Sashe na 391 da kansa ya ce ba ɓata suna ba ne mutum ya kai zargi da kyakkyawar niyya ga wanda yake da iko a kan wanda ake zargi game da abin da ake zargin. Manajan da ke kula da direbobi yana cikin masu wannan iko. A ɓangaren diyya ma, maganar da aka kai wa wanda ya cancanci jin ta tana da kariya, haka nan gaskiya kariya ce.

Amma ki lura da abin da kundin yake nufi da kyakkyawar niyya. Ba wai zuciyarki ta yi fari kawai ba ne. Ya ce abin da aka yi ba tare da kula da natsuwa ba, ba a kiransa kyakkyawar niyya. Idan kika rubuta cewa a buge yake alhali ba ki da hujja, ko kika ce ya mare ki alhali motar ya daka, ko aka yanke bidiyon aka cire inda ƙaninki ya rama zagi (idan ya rama), to kin rushe kariyarki da hannunki. Lauyansa abin da zai nema ke nan: ƙari a cikin labari, ko alamar ƙeta. Wasiƙa guda zuwa ga manaja tana cikin kariya. Wasiƙar da aka yi kwafinta aka tura wa abokan cinikin kamfanin da limamin unguwarsu ta fita daga ciki.

Wannan ne ya kawo mu ga TikTok. Gaskiya ne a shekarar 2024 an gyara sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, an taƙaita shi ga saƙon batsa da kuma ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Bidiyo na gaskiya bai shiga ciki ba. Sai dai tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke faruwa a caji ofis akwai tazara. A 2023 an kama wata mata a Legas aka kai ta Abuja saboda ra'ayin da ta rubuta a Facebook kan tumatirin gwangwani na wani kamfani. A 2022 an kama ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutu guda a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ya kwana a tsare kafin a janye ƙarar. Bidiyonki yana ɗauke da sunan kamfani ɓaro-ɓaro. Kamfanin da zai karɓi wasiƙarki da ban haƙuri, shi ne zai iya kiran lauyoyinsa idan ya wayi gari ya ga sunansa yana yawo. Kin mayar da wanda zai taimake ki abokin gaba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba na doka ba ne. Kalmar da ya jefe ki da ita mutum ashirin ko talatin ne suka ji a gidan mai. Idan bidiyon ya fita, dubbai ne za su ji ta haɗe da fuskarki da lambar motarki, har da ɗalibanki da iyayensu. Wasu za su yanka shi su ɗora masa nasu sharhin. Shi ma direban, babu mai iya ba da tabbacin cewa wasu zauna-gari-banza ba za su tare motar a hanya ba, wataƙila ma ranar wani direban ne a ciki. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi kowace.

Ga yadda za ki yi. Ki rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga manajan kamfanin ko shugaban sashen kula da ma'aikata. Ki sa rana da lokaci da gidan man, lambar motar, da kalmomin da ya faɗa yadda ya faɗe su, ko da suna da nauyi a baki. Ki ce akwai cikakken bidiyo da shaidu, kuma a shirye kike ki nuna musu a ofis. Kada ki siffanta shi da ɗan iska ko mahaukaci. Ki faɗi abin da ya yi, su yanke hukunci da kansu. Ki kai kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki riƙe. Asalin bidiyon ya zauna a wayar da aka ɗauke shi, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da ta samar da shi kafin kotu ta karɓa. Idan gidan man yana da kyamara, ki roƙi manajansu ya ajiye na ranar tun kafin ya goge.

Sannan ki faɗi abin da kike so a yi. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne ya fi muhimmanci. Direbobin raba kaya galibi ba ma'aikatan dindindin ba ne, ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukarsu, albashinsu bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Sashe na 11 na dokar ƙwadago ya ba wanda ya wuce wata 3 amma bai cika shekara 2 a aiki ba sanarwar mako guda kacal, wanda ya yi shekara 5 ko fiye wata guda, kuma idan laifin babba ne ana iya sallamarsa nan take. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan, tana da reshe a Kano, tana kuma duba ko an ba ma'aikaci damar kare kansa, amma direba nawa ne ke da kuɗin zuwa can? Abin da ya fi sauƙi ga kamfani shi ne ya kira ɗan kwangila ya ce a canjo wani. Idan korar ce burinki, ki san cewa tana iya faruwa cikin kwana ɗaya, kuma tana iya shafar waɗanda yake ciyarwa. Idan kuwa so kike ya gane kurensa, ki rubuta a fili: "Ina neman a ja masa kunne, ya ba ni haƙuri a gaban shugabansa. Ba korarsa nake nema ba." Manajoji suna girmama irin wannan wasiƙa, kuma ita ce shaida mafi ƙarfi cewa babu ƙeta a zuciyarki.

Kada kuma a kuskura a kira shi ko kamfanin a ce "a ba mu kaza ko mu saki bidiyo." Wannan ya zama tatsar kuɗi ta hanyar barazana, laifi ne a ƙarƙashin Final Kod, kuma nan take mai ƙara yake komawa wanda ake ƙara. Ki gaya wa ƙaninki wannan da babbar murya.

Kamfani ba kotu ba ne, ba zai wanke miki suna ba. Idan hukunci kike nema a kan shi kansa, ƙofofin daban ne. Sashe na 399 na Final Kod ya hukunta zagi da gangan wanda zai iya tunzura mutum ya tayar da rikici, sashe na 400 kuma ya keɓe kalma ko ishara da aka yi don keta mutuncin mace. Za ki iya kai rahoto ga 'yan sanda, ko lauya ya shigar miki da ƙara kai-tsaye a kotun majistare. Waɗannan lambobin na tsohon kundin ne da Kano da Abuja ke aiki da shi. Kaduna ta sake nata a 2017, lambobinta sun canja. Idan ku biyun Musulmi ne, kalmar nan tana iya shiga babin ƙazafi a kotun shari'ar Musulunci, wanda haddinsa bulala 80 ne kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 4. Neman diyya a babbar kotu shi ne ya fi wuya, don alƙalai sun sha cewa zagin da aka yi cikin zafin faɗa, wanda masu saurare suka san zagi ne kawai, ba ɓata suna ba ne. Inda aka kai hannu jikin mutum lissafin yakan canja: a 2020 Babbar Kotun Abuja ta umarci Sanata Elisha Abbo ya biya naira miliyan 50 ga matar da ya mara a wani shago, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar a 2023. Ke motarki ya daka, ba jikinki ba, don haka kada ki sa ran irin wannan kuɗi.

Maganar maigidanki ma ba ta faɗi ƙasa ba. Yafiya haƙƙinki ce, kuma ana iya yin sulhu ta hannun Hisbah ko wani dattijo da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa. Amma ina roƙon ki zauna da shi ki nuna masa wasiƙar kafin ki kai, don idan kamfanin ya kira zama, zai fi kyau ku je tare. Ki ba su mako biyu. Idan suka yi shiru, ki sa lauya ya rubuta musu ta biyu a kan takardar ofishinsa, a haɗa da kwafin ta farko mai hatimi.