Wa zai zo gaba? Amsa kan std::rotate

Ka ce: "Maigida, ina da vector mai lambobi miliyan ɗaya, ina so in kwashe 1,000 na farko in mai da su ƙarshe. Na rubuta madauki da ke cire na gaba ya liƙa a baya, amma nawarsa ta yi yawa. Da na gwada std::rotate kuma, sai ya juya ta inda ban so ba."

To ɗana, madaukinka yana ba da amsa daidai, wahala ce kawai ya ɗora wa kwamfuta. Duk lokacin da ka cire na farko a vector, wato jerin C++ da ke ajiye abubuwa ɗaya kusa da ɗaya, dole sauran su matso gaba ɗaya bayan ɗaya don cike gurbin. Matsawa kusan miliyan, har sau 1,000: kusan biliyan ke nan. Shi kuwa std::rotate, ƙa'idar C++ ta ɗaure shi, musanyar da zai yi ba za ta wuce yawan abin da ke cikin jerin ba. A nan wurin yake, ba ya buƙatar vector na biyu.

Batun juyawa ta wani gefe kuwa, sunan ne ya ruɗe ka. Daina kallonsa kamar taya. Jeri ne aka yanka biyu, guntun baya ya dawo gaba, na gaba ya koma baya, kowane guntu da tsarinsa yadda yake. Manuni uku kake ba shi (iterator, wato abin da ke nuna gurbi a jeri): farko, tsakiya, ƙarshe. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: wa nake so ya zama na farko? Shi za ka nuna a tsakiya.

Ɗauki 10, 20, 30, 40, 50, 60, 70, ka rubuta:

std::rotate(v.begin(), v.begin() + 3, v.end());

Manunin tsakiya yana kan 40, saboda haka za ka samu 40, 50, 60, 70, 10, 20, 30. In ta dama kake so, yi amfani da rbegin da rend, masu bin jerin daga baya: in ka sa tsakiya kan v.rbegin() + 1, 70 ta zo gaba. Wataƙila Python ce ta saba maka, don rotate na deque ɗinta, wani irin jeri nata, dama yake turawa in ka ba shi lambar da ta fi sifili.

Kada ka yar da abin da yake dawo maka. Kafin C++11 ba ya dawo da komai, amma tun daga nan yana ba ka manuni zuwa inda tsohon na farko ya sauka. A misalinmu, 10 ce, a gurbi na 4 in an fara ƙirga daga sifili.

Inda na fi jin daɗinsa ma ba kan jeri duka ba ne. Ka ce kana da A B C D E F, mai amfani ya ja B ya sauke bayan E. Da yawa nan take za su cire su sake sakawa, su yi ta lissafin gurbin da ya goce. Ba shi ɗan yankin kawai: farko kan B, tsakiya kan C, ƙarshe kan F, don manunin ƙarshe a gurbin da ke bayan yankin yake tsayawa. Sai ga A C D E B F, ba a taɓa A da F ba. Irin wannan Sean Parent, wani masanin C++, ya nuna a jawabinsa na 2013, inda ya maye gurbin doguwar madauki da kira ɗaya.

Wuri biyu ka kula. In adadin da za ka juya, mu kira shi k, ya fi tsawon jerin, manunin ya faɗa waje, kuma kwamfaila, mai fassara wa kwamfuta abin da ka rubuta, ba za ta ce maka uffan ba, don haka rage shi da k % v.size(). Kafin nan ka duba jerin ba fanko ba ne, kada ka raba da sifili. In kuma std::list kake riƙe da shi, wato jerin da aka ɗaure abubuwansa da mahaɗi kamar sarƙa, splice ya fi, tunda mahaɗi kawai yake kwancewa ya sake ɗaurawa.

Je ka sa #include <algorithm>, ka auna lokacin hanyoyin biyu da std::chrono, ka kawo mini sakamakon gobe.